Makuri a Rediyon Malam Haladu

Tun da Badamasi mai gyaran rediyo ya yi sallama a gidan Inna Marka, ya tsuguna yana jero gaisuwa har da tambayar lafiyar awaki, ta san da walakin goro a miya. Shekara nawa yana wucewa ta ƙofar gidan nan a Gwarzo, ko barka da Sallah bai taɓa leƙowa ya yi ba.

"Inna, wai akwatin rediyon marigayi Malam Haladu yana nan kuwa?"

"Yana nan. Kira ya aiko maka?"

Wani ƙaton akwati ne na katako da mijinta ya saya lokacin yana masinja a Kano. Ya fi shekara ashirin bai ce uffan ba, har kaza ta taɓa ƙyanƙyasa a bayansa. To amma shekarar nan ita ce ta biyu da ƙaddamar da Shari'a, ga tsada, kwanon gero yana neman gagarar mai iyali, kuma labari ya cika gari wai tsofaffin kayan Bature, su keken ɗinki da dutsen guga da rediyo, akwai wani abu a cikinsu da ake kira jan makuri. Ɗigo ɗaya ya kai mutum Makka, ya dawo ya gina bene. Ba wanda ya taɓa ganinsa da ido, amma kowa ya san wani da ya san wanda ya samu.

Ta bar shi ya kwance bayan akwatin, ta jawo kujera ta zauna a kansa kamar mai gadin shanya. A ciki akwai kwalabe biyar a tsaitsaye kamar ƙwan fitila, da curin ƙarfe biyu, babba da ƙarami. Badamasi ya busa ƙura, ya tsallake babban curin ko kallo bai ishe shi ba. Ya ƙwanƙwasa wata siririyar kwalba da farce, ya karanta lambarta, sannan ya shafa ƙaramin curin.

"Waɗannan biyun kawai nake so, Inna. Kwalbar nan da ɗan taransifoman. Ki faɗi abin da zan bayar."

"Ikon Allah. Wa ke zuwa wurin mahauci ya bar cinya ya ce a ba shi kofato? Ga babba can."

"Babban na jan wuta ne, ina da irinsa. Ƙaramin shi ke miƙa sauti ga sifika, kuma da kwalbar nan aka aura shi. In aka haɗa shi da wadda ba tasa ba, ko murya ta shaƙe ko kwalba ta ƙone."

"To, me za ka yi da angon da amaryar?"

Sai ya dubi ƙofa, ya sosa ƙeya. "Wani ɗan aiki ne."

Ɗan aiki! Marka ta leƙa da kyau, sai ga wani abu a kan kwalbar daga ciki yana ƙyalli kamar bayan madubi. Ta ce a ranta, ga makurin nan! Ta ce masa ya je ya dawo bayan kasuwa, sai ta yi shawara da magada. Magadan kuwa ita ce da awakinta.

Ranar kasuwa ta tare ƙawarta Gwaggo Asibi, dillaliya daga Kabo, ta ja ta har ƙuryar ɗaki. Asibi ta zaro kwalbar daga akwatin ta haska ta da ranar taga, ta yi salati.

"Marka, kin kwana kan arziki kina shan kunun kanzo! Shi ne wannan."

"An ce ja ne. Wannan kuwa fari-fari nake gani."

"Daga waje kike kallo. Tsamiya ma ai sai an ɓare. Ke in ba makuri ba, me zai sa ƙato da gemunsa ya tsuguna yana gaida akuya?"

Suka shimfiɗa farin ƙyalle cikin tasa, suka kwantar da kwalbar. Marka ta yi bisimilla, ta ɗan daka da ɗan dutsen niƙa. Kwalba ta ce fus. Suka haɗa kai suna jiran ja ya kwararo. Ba abin da ya ɗiga. Ƙyallin nan ma, suna ji suna gani, ya dushe ya koma fari fat kamar tokar kara.

Asibi ta riƙe haɓa. "Ya riga mu. Ba kin ce ya ƙwanƙwasa ta da farce ba? To nan ya zuƙe shi. Masu aikin wayar nan ba a banza suke ba."

Marka ba ta tsaya neman takalmi mai kyau ba. Ta ƙulle fasassun a gefen mayafi ta nufi zauren da Badamasi ke aiki, tun daga bakin ƙofa ta fara.

"Fito da shi! Ni za ka yi wa wayo, gwauruwar Allah? Zamanin Shari'a ne dai, ka kuma san abin da ake yi wa hannu mai ɗauke-ɗauke."

Masu zaman teburin shayi na tsallaken titi suka fara miƙo wuya. Badamasi ya jawo labule da sauri.

"Inna, don girman Allah rage murya. Me na ɗauka?"

Ta kwance ƙullin. Da ya ga fasassun sai ya dafe kai. "Inna lillahi! Wannan irin sai a zaga Kano ba a samu ba." Da ya ji batun makuri kuwa, bai yi dariya ba, don ya ga idonta. Ya turo mata wani kwali cike da matattun kwalabe.

"Zaɓi da kanki. Ba zan taɓa ba."

Ta tona can ƙasa, ta zaro wadda ƙura ta rufe, wadda da gani farce bai kusance ta ba. Ita ma da ƙyallinta. Ta karɓi guduma ta daka. Fus, ta koma toka.

"Maganin iska ne ake shafawa a ciki," in ji Badamasi. "Da zarar iska ta shiga sai ya yi fari. Ko kwabo ba ya yi."

Ta sake zaɓar wata ta fasa, don kada a ce. Haka dai. Amma bakinta bai mutu ba.

"In gaskiya gare ka, me ya sa kake kallon ƙofa kamar ɓarawon kaza?"

Badamasi ya ga gara wannan da gaban alƙali, ya janye wata tabarma da ke jingine a lungu. Sai ga abu mai dogon wuya da tsirkiya shida ta ƙarfe.

"Jita ce, garayar Turawa. Na koya ina aiki a masaƙa a Kano, kafin a rufe a sallame mu. Ita kaɗai na tsira da ita. Ba ta da murya sai an jona ta da akwatin ƙara sauti, shi nake haɗawa." Ya nuna wasu kwalabe biyu, kowace kamar kwalbar lemo. "Waɗancan na tsohuwar silima ne, su da taransifomansu mai nauyin turmi. Sau ɗaya na gwada, na ɗan taɓa tsirkiya, sai da aka jiyo a tasha. Na ce wa mutane lasifikar masallaci nake gyarawa, Allah ya yafe mini. Kin kuma san wanda muka haɗa katanga da shi."

Ta sani sarai. Malam Datti ne, uban matarsa, wanda ke gaba-gaba a kwamitin unguwa masu zagawa gidajen biki suna kashe kiɗa.

"Ƙaramar murya nake so, Inna, wadda in na rufe ƙofa daga ni sai ƙadangaren bango za mu ji."

Wayyo, harshen Marka har ƙaiƙayi yake yi. Surukin Malam Datti da garayar Turawa a bayan tabarma! Wannan ai ya ishe ta gidan suna uku da zaman makoki guda. Har ta fara lissafa wadda za ta soma gaya wa, sai ta tuna duk wadda ta ji za ta ce, ke yaya aka yi kika gani? Daga nan kuma sai labarin tsohuwar da ta daka rediyon mijinta da dutsen niƙa tana neman kujerar Makka.

Ta gyara mayafi. "Ni idona ba ya gani sosai yanzu. Tabarma kawai na gani."

"Ni ma ban ga wata kwalba ba. Wa kuma ya sani?"

"Asibi."

Ya sake dafe kai.

"Bar ni da ita. Na san inda ta kai zannuwan matar dagaci."

Washegari da hantsi ya zo kwance ɗan taransifoman, ya ce kwalbar zai ci gaba da cigiya. Ya kawo mata ƙaramin rediyo mai batir a madadi. Ta zauna a kansa har ya gama, ta jujjuya curin, ta shinshina, ta girgiza shi a kunne, sannan ta miƙa masa da ƙyar. Zai fita ta ce tsaya. Ta kawo ruwa a tasa ta sa shi ya wanke hannu har ƙarƙashin farce. Yana fita ta juye ruwan a kwalbar man gyaɗa, ta toshe da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado.