Kada Kowa Ya Yi wa Sahabi Gaisuwa

Ni ce na hana mutane yi wa ƙanena ta'aziyyar matarsa, kuma har yau akwai dangin da ba su amsa gaisuwata saboda haka. Can ta matse musu. Ba su ji abin da na ji ba.

Sahabi direba ne, Gusau zuwa Tsafe, safe da yamma, shekara goma sha tara. Shekara shida da suka wuce taya ta fashe masa dab da Tsafe, motar ta wuntsila. Kwana goma sha ɗaya bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo ya gane ni, ya gane matarsa Delu, har ya tambayi lafiyar fasinjojinsa. Muka yi ta hamdala. Sai da aka sallame shi muka koma gidansa a Sabon Gari muka gane abin da ya tafi. A ba shi tuwo ya cinye, a ɗauke kwano, ya ce yau ba a cin abinci ne a gidan nan? Ranar farko sau uku ya yi sallar La'asar.

Likita ya zana mana a takarda. Ya ce akwai wani ɗan wuri can cikin ƙwaƙwalwa, shi ke ɗaukar abin da ya faru yanzu ya kai ma'ajiya, kuma na Sahabi ya lalace dama da hagu. Tsohon hatsi na nan cikin rumbu, in ji shi, sabon ne babu mai zuba shi. Ya ce an taɓa yin wani Bature haka, shekara hamsin da ɗoriya likitoci na nazarinsa, kullum sai sun sake gaya masa sunayensu. Na ce, "Likita, ni ina ruwana da Bature? Magani nake tambaya." Ya ce babu.

Delu ta ɗauki abin gaba ɗaya. Tambaya guda sai ta amsa ta sau arba'in a wuni. Ta ajiye masa ƙwallayen dabino biyar, in ya idar da salla ta jefa ɗaya cikin kwano, in ya tashi zai sake ta nuna masa. Ni da nake zuwa wuni daga Tsafe, kafin azahar na fara yi masa tsawa, Allah ya yafe mini. Ita ko sau ɗaya ban ji ta ɗaga masa murya ba. Ina son yarinyar nan fiye da wasu da muka fito ciki ɗaya.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta, ranar wata Talata da hantsi. Sahabi na riƙe da hannunta. Da aka shirya ta, Baba Yusha'u, ƙanen mahaifinmu, ya kawo shi kanta ya ce ya yafe mata, ya yafe. Ya bi ta maƙabarta. Aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da shi tsakiyar maza don karɓar gaisuwa. Ashe kafin ya zauna ɗin komai ya goge.

'Yan tasha suka fara isowa. Ina cikin gida wajen mata na ji wani ya ce, "Sahabi, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Delu." Sai na ji ƙarar ƙanena. Ban taɓa jin namiji ya yi irin ta ba. Aka rarrashe shi, ya yi shiru, har na ji yana tambayar mi aka taru yi. Can sai ga motar surukai daga Bungudu. Suka durƙusa, suka faɗi abin da kowa ke faɗi, ya sake kurma ihu kamar na farko. Sau bakwai na ƙirga kafin La'asar. A na takwas na ja mayafina na fito tsakiyar maza, na kama hannunsa.

Baba Yusha'u ya ce, "Ke Shafa'atu, kanki ɗaya? Ina kika taɓa ganin an hana miji karɓar gaisuwar matarsa?"

Na ce, "Baba, sau nawa za ta mutu masa yau?"

Ya ce mutane sun taso daga nesa. Na ce su yi wa shi Baban, su yi mini, ladarsu na nan, amma duk wanda ya ƙara ambatar Delu gaban Sahabi ni da shi ne. Na ja shi ɗaki na sakaya ƙofa.

Daga ranar na tare a gidan, na kuma shirya ƙaryata. In ya ce, "Yaya, ina Delu?" sai in ce ta je Bungudu, Innarta ba lafiya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci abincinsa. Kwana biyar muna haka, har na fara jin na yi dabara.

Ranar ta shida da hantsi yana zaune bakin gado, ya tambaya, na ba shi amsar da na saba. Bai ce Allah ya sawwaƙe ba. Ya daɗe yana kallon ɗakin.

"Ta tafi ba ta sallame ni ba?"

"Kana barci ne."

"Yaya, kada ki rufe ni. Na san kaina ba daidai yake ba. Ta gaji da ni ko? Ta gudu ta bar ni? Wallahi in haka ta yi, ban yafe mata ba."

Na san in na yi shiru minti goma maganar za ta bi sauran, shi ba zai san ya faɗe ta ba. Na san kuma duk malamin da na tambaya zai ce an ɗauke masa alƙalami. Amma ni na ji. Matar da ta yi shekara shida tana wahalarsa tana kwance a kabari, mijinta na cewa bai yafe ba, kuma ƙaryata ce ta jawo. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Na durƙusa gabansa na ce, "Sahabi, Delu ba ta gudu ba. Allah ya yi mata rasuwa, yau kwana shida. A hannunka ta cika."

Wannan karon bai yi ihu ba. Hawaye kawai ke zuba har cikin gemunsa. Ya ce, "Na raka ta?" Na ce har bakin kabari. Ya ce, "Na yafe mata duniya da lahira. Ita fa, ta yafe mini?" Na ce ta yafe, da kunnena na ji. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, muka shafa tare.

Na fita ɗebo masa ruwa. Randar ta yi ƙasa, sai da na je maƙwabta. Da na dawo yana nan yadda na bar shi, yana shafa gaban rigarsa da ya jiƙe, yana duba tafin hannunsa.

"Yaya, mi ya same ni? Ƙirjina ya yi nauyi, kamar an yi mini mutuwa. Kira mini Delu."

Na zauna kusa da shi na miƙa masa kofin. Na ce, "Sha ruwa tukuna, Sahabi. Akwai maganar da zan gaya maka."