Bororon Tsohon Direba

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kujerar mota, ko shagon bakin layi sai ya tayar da inji, shi ne yau likita ya ɗora wa tafiyar ƙasa kullum da safe saboda ciwon suga. Tsohon direban ya karɓi abin da zafinsa, har ya fara wuce inda aka ce ya tsaya.

Matarsa kuwa likita ya ba ta nata aikin: duba ƙafafunsa duk sanda ya dawo, don ciwon ya kashe masa jin tafin ƙafa. Yayansa ma da ɗan ƙaramin rauni ya fara, aka ƙare da yanke ƙafar. Ita ba ta manta ba. Shi kuwa tsokana ya mayar da abin.

"Babbar likita, a bari na sha ruwa tukuna mana."

"Zauna, Malam."

Ta zare safar dama. Ga bororo nan a ƙasan babban yatsa, ya ɗuri ruwa tam kamar ƙwayar inabi.

Ya leƙa, ya yi dariya. "Wannan ɗan abin? Miƙo allura na huda shi. Ko zafi ba ya yi."

"Rashin zafin ne ke ba ni tsoro. Ba mai huda shi."

Ta taɓa ruwan da ta zubo a roba da gwiwar hannunta, ta ji ɗuminsa daidai, ta wanke wurin da sabulu a hankali, ta tsane shi da tawul. Ta yanka auduga ta fafe tsakiyarta, ta kewaye bororon don kada ya taɓa ƙasa, ta rufe da bandeji.

"Anjima asibiti. Tafiya kuma sai ya warke."

Yana shirin musu ta jawo takalmin ta zura hannu ciki. Sai ga murfin kwalbar lemo, haƙoransa a sama, irin wanda jikokinsu ke wasa da shi a tsakar gida. Ta ɗora masa a tafin hannu.

Ya juya shi, ya sake juyawa. A kansa ya yi tafiyar safiyar nan kaf, bai sani ba. Tsoro ya kama shi, wanda bai taɓa bari ta gani ba.

Can ya ɗaga ƙafar hagu da kansa ya ɗora a cinyarta.

"Duba wannan ma," ya ce a hankali. "Ki duba da kyau."