Hayar Wata Huɗu

Madam Pyo ta tsaya a hawa na uku tana mayar da numfashi, takardar sallamar ɗan haya na cikin aljihun rigar sanyinta. Benen nata ne, a wata tsohuwar unguwa ta birnin Daegu, shi kaɗai mijinta ya bar mata. Wata huɗu ke nan Seok, direban tasi, ya hana ta kuɗin haya, wai sai an gyara bangon da ke tsattsafo da ruwa. Duk maƙwabta ta gaya musu ɗan rigima ne. Ba ta gaya musu cewa kuɗin gyaran a bikin ɗanta suka tafi ba.

Da Seok ya buɗe ƙofa, ta ga falo cike da kwalaye a ɗaure.

"Shigo, Mama. Kin hutar da ni saukowa."

"Direba Seok, ni fa ba faɗa ya kawo ni ba."

"Na sani. Takarda ta kawo ki, ga ta nan tana leƙowa."

Ya ɗauko ambulan a kan firji ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kuɗinki ne cif. Ban ci ba, ajiyewa nake ina jiran ranar da za ki turo magini."

"Ina matarka?"

"Asibiti, yau kwana tara. Huhu ne. Likita ya ce kada ta sake kwana a ɗakin can."

Ta leƙa ɗakin. An janye kwabar kaya, bangon ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, yana warin jiƙaƙƙen tsumma. Bara da ta gan shi bai wuce tafin hannu ba, kuma ita ta ce su tare shi da kwaba.

Ta tura masa ambulan ɗin. "Riƙe, ka rage kuɗin magani."

"A'a, Mama. Kada a ce ɗan rigima ya gudu da haya."

Tana saukowa dillalin gidaje ya kira ta a waya. Ya ji labarin tashin, wai yana da mata da miji masu jariri da ke neman haya.

"A manna sabuwar takardar bango kawai, aikin yini ɗaya ne. In kawo su Asabar?"

Ta tsaya a tsakiyar matakala.

"Ka ce musu an kama."

"Wa ya kama?"

"Babu kowa," ta ce, ta zauna a kan matakala. A sama Seok yana jan kwalaye zuwa bakin ƙofa.