Kifin Roba na Alhaji Badaru

Alhaji Badaru bai taɓa kama kifi ba a rayuwarsa, amma kakansa ya kama, kuma a ganinsa wannan ya wadatar. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi bayan sallar Juma'a a Greensboro ya haddace labarin Yawuri da kwale-kwale da giwan ruwa mai tsawon mutum. Da dattawan ƙungiyar Hausawa suka gaji da ji, sai shugabansu Malam Bello ya ce, "Alhaji, ka je teku ka kamo mana kifi ko ɗaya da hannunka, mu naɗa ka Sarkin Ruwa ranar taron Sallah." Kowa ya yi dariya ban da Badaru. Garin ko ƙamshin teku ba ya ji, amma shi tuni ya fara tunanin kalar rawani.

Ya shiga kantin kayan kamun kifi ya sayi sandar fatsa da akwati guda na ƙananan kifayen roba da ake kira minno, kowanne tsawon yatsa, ga ido, ga ɗan leɓe a ƙasan baki, ga ƙugiyoyi na reto a ciki. Mai kantin ya fara bayanin yadda ake aiki da su, Badaru ya ɗaga masa hannu. Jikan masunta ba ya ɗaukar darasin ruwa a wurin mai gajeren wando.

Wanda ƙungiya ta haɗa shi da shi a matsayin shaida Mohammed-Awal ne, ɗan zangon Kumasi da ke haya a unguwar Glenwood, mutumin da ko kududdufi ya gani sai ya zagaye. Ya yarda ne don an ce akwai dambun nama a mota. Suka bar gidan Badaru a McLeansville da sassafe, ba su ga teku ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Badaru ya yi bismilla ya wurga kifin robar bayan igiyar ruwa, ya kafa sandar a rairayi, ya buɗe kujera ya zauna. A Yawuri haka ake yi da mamari, dogon zaren nan mai ƙugiyoyi: ka ɗana, ka tafi, ka bar wa Allah sauran. Kifin robar kuwa ba a yi shi don zama ba. Sai an ja shi leɓen nan ke nitsar da shi, ya riƙa karkaɗa kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Da aka bar shi, sai ya kwanta a saman ruwa kamar takalmin da ya ɓace.

"Dubi mutanen nan," in ji Badaru, yana nuna sauran masu fatsa da haɓa. "Jefa, ja, jefa, ja. Ba su da haƙuri. Shi ya sa aurensu ba ya daɗewa."

"Amma Alhaji, kulan wancan ya cika," in ji Mohammed-Awal da baki cike.

"Kifin gaggawa ne. Ba shi da albarka."

Wata dattijuwa da ke janye da kare ta tsaya, ta dubi zaren da ya saki, ta ce masa ai sai yana naɗewa abin zai yi iyo. Badaru ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa mai tallan abin da ba a so. Bayan ta wuce, wani abu a ransa ya ce watakila tana da gaskiya. Amma ya riga ya yi wa shaidansa huɗuba mai tsawo a kan haƙuri, kuma ya fi masa sauƙi ya rasa kifi da ya janye huɗuba.

Rana ta karkata. Ya miƙe zai yi alwalar la'asar, ya ce, "Awal, naɗe min zaren nan kada ya sarƙe. Babba ba ya tattara kaya."

Mohammed-Awal ya ɗauki sandar kamar an ba shi maciji. Yana cikin naɗewa igiyar ruwa ta taso ta lashi ƙafarsa, ya yi tsalle baya, ya fizga, ya tsaya, ya sake fizga. Sandar ta lanƙwashe.

"Alhaji! Chale, wani abu na ja na!"

"Ba ni! Ba ni nan!"

Kafin Badaru ya iso, hannu jiƙe, silifa ɗaya a ƙafa, tsoro ya riga ya sa Mohammed-Awal gudu zuwa tudu da sanda a kafaɗa, yana jan wani kifi mai ɗigo a wutsiya, tsawon kamu guda, a kan rairayi.

"Ka ga amfanin jira," in ji Badaru yana haki. "Ni na tara su. Kai dai ka ɗauko ne. Haka za ka faɗa wa Malam Bello."

"Massa, da hannunka aka ce."

"Sandata ce. Kifin robata ne. Dambuna ka ci."

"Ayya, Alhaji, na riga na yi sendin hotona da kifin a gurup ɗin ƙungiya."

Badaru ya karɓi sandar ya yi ta jefawa yana ja, yadda ya ga marasa haƙuri na yi, har gumi ya jiƙa masa hula. Teku ba ta ƙara ba shi ko ciyawa ba.

Ranar taron Sallah, a ƙarƙashin rumfar wani filin shaƙatawa, dattawa suka naɗa Mohammed-Awal Sarkin Ruwan Greensboro, mata na guɗa, yara na tambaya da Turanci wane ruwa ake nufi. Don kada ran Badaru ya ɓaci, Malam Bello ya sanar cewa an ba shi muƙamin mai riƙe wa Sarki kayan aiki.

"Alhaji," in ji sabon Sarki daga cikin rawanin da ya rufe masa ido ɗaya, "Asabar mai zuwa ka zo da wuri. Ka ƙaro dambu."