Shaidar Tungar Kanya

Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya bi jerin garuruwan Maradun da yatsa, ya ɗago kai. "Baba, babu Tungar Kanya a nan. Ina take?"

"Ƙarƙashin dam," in ji Malam Hashimu.

"To, kawo shaida. Ba mu ba kifi takardar asali."

Jikarsa Saude ta samu gurbi a makarantar jinya. In babu takardar zuwa Juma'a, gurbin ya tafi.

Ranar Laraba ya roƙi wani masunci ya kai shi tsakiyar ruwan. Ruwan ya kwanta luf. Hashimu ya leƙa, sai ya ga kamar gero na kaɗawa can ƙasa, mata na daka ba a jin turmi, innarsa na shanya kuka, tarwaɗa na shiga masallaci tana fita. Shaidunsa duk suna nan, ba mai iya sa hannu.

Saura mutum ɗaya, Daniel, ɗan kudancin Kaduna da ya auna garin gida-gida kafin a sako ruwa. Shekara arba'in da ɗoriya yana Talata Mafara, har gobe baƙo ake ce masa. Hashimu ya taɓa jifansa da hoge lokacin awon.

Hashimu ya same shi a gida. Bayan doguwar gaisuwa Daniel ya ƙura masa ido. "Malam, ba kai ne mai jifa ba?"

"Ni ne. Ban same ka ba."

"Ka sami kekena."

Ya jawo tsohuwar taswira daga akwati, ya shimfiɗa. "Ga gidanku, ga sunan ubanka: Sadi mai rumbu uku."

"Huɗu ne."

"Ɗayan ya rushe, kai dai ba ka son gaskiya."

Hashimu ya daɗe da yatsa a wurin, kamar zai ji ɗumin bangon.

Ranar Alhamis suka koma ofishin tare, ɗiyar Daniel, Jennifer, na riƙe da taswirar. Ma'aikacin ya duba, ya buga hatimi a takardar Saude.

Hashimu ya nuna Jennifer. "Ita fa? A Mafara aka binne cibiyarta."

"Baba, ita baƙuwa ce."

"Amma ubanta ya isa ya shaide ni."

"Taswirarsa ce ta isa."

Hashimu ya buɗe baki, Daniel ya taɓa kafaɗarsa. "Bar shi, Malam, sau uku muna jin wannan karatun. Kai wa yarinya takardarta, kada motar Mafara ta cika."