Haruffa a Bakin Ƙofar Baffa

Wata takwas Lukman ya yi yana zana haruffa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma mako uku na yi ina fama da layi tara kacal, kuma har yau in aka tambaye ni sai in ce nawa aikin ya fi wuya.

Tun lokacin bautar ƙasa muka san juna da shi, yanzu kuma muna haya ƙaramin ofis ɗaya a Wuse, shi yana zane, ni ina fassara. Abin da ya zana wani salon haruffa ne na kwamfuta wanda kowane harafi ke cin fili daidai da ɗan'uwansa, siriri ne ko mai faɗi, kamar ƙwai a kiret. Ya saka har da masu lanƙwasa na Hausa. Nawa aikin shi ne rubuta bayanin da mutum zai karanta kafin ya sauke haruffan, da tambayoyin da kwamfuta za ta yi masa lokacin da yake saka su. Kowane layi kada ya wuce harafi sittin, don iyakar akwatin ke nan.

Lukman bai ga amfanin wahalar ba. Haifaffen Nyanya ne, iyayensa daga Ilori suka zo, Hausarsa irin ta tasha ce.

"Mufida, bar shi da Turanci mana," in ji shi. "Duk wanda yana da kwamfuta ya san Next, Next, Finish."

Raina ya ɓaci, ban kuwa ɓoye masa ba. Muka ja har ya gaji, ya kafa mini sharaɗi. In na kawo mutum ɗaya da ba ya jin Turancin kwamfuta, ya saka haruffan da kansa ba tare da na buɗe baki ko na taɓa komai ba, za mu fitar da su da Hausa ranar Litinin. In ya kasa, layukana tara sun tafi kwandon shara.

Ban yi dogon tunani ba na ce Baffa Yero.

Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi. A wata ruga da ke bayan Bwari aka haife shi, makaranta ta raba shi da shanu, ya shekara talatin yana buga tafireta a ofis har ya yi ritaya. Shi ke buga jadawalin lokutan salla na masallacin unguwarsu a Kubwa duk wata. Da tafiretar ta mutu muka haɗa masa tsohon laftof, tun daga ranar kuwa ba mu huta ba. Ya jera lokutan da tazarar da ya saba, sai ya ga Azahar ta karkace ta shiga layin La'asar. Ya ce wannan injin ba shi da tarbiyya. Haruffan Lukman su ne maganin abin, shi ya sa na tabbata nasara tawa ce.

Ranar Asabar da hantsi muka hau motar Kubwa. Muka tarar da Baffa a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, laftof ɗin a kan wani ɗan benci, an lulluɓe shi da ɗankwalin Inna Maiturare, matarsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo fura. Lukman ya shanye tasa tun kafin a ce masa bismilla sau biyu.

Na buɗe wa Baffa fayil ɗin, na koma gefe na zauna a kan hannuwana don kada su ci amanata.

Ya gyara tabarau ya karanta bayanin a bayyane, a hankali, yana bin layi da yatsa: "Haruffa masu faɗi ɗaya. Kowanne da gurbinsa, babu mai matse wani. Sun dace da jadawali da jerin sunaye." Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Na harari Lukman.

Sai akwatin tambaya ya fito. Wannan layin shi ne abin alfaharina, kwana biyu na yi ina goge shi don ya fita da ladabi: "Ga sababbin haruffa mun kawo. Ko ana bukata?" A ƙasa akwai E, akwai A'a.

Baffa ya yi murmushi, ya ja kibiya a nutse, ya danna A'a.

Akwatin ya ɓace. Baffa ya harɗe hannu yana kallon allon. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya kama hanya. Ni dai sharaɗi ya ɗaure mini baki. Lukman ne ya kasa haƙuri.

"Baba, me kana jira?"

"Ina jira ya sake tambaya."

"Ai ka ce ba ka so."

Baffa ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa mai shiga masallaci da waya a kunne. "Ɗana, wane ne ake yi wa tayi sau ɗaya ya miƙa hannu? Sai ka ce mayunwaci? Ai sai an ce don Allah, an sake cewa don Allah, sannan mutum ya karɓa."

Lukman ya kwanta a tabarma yana dariya har da dukan ƙasa. Ni kuwa kunya da haushi suka haɗe mini, kuma haushin kaina ne. Ni ce fa na tashi a gidan nan. Sau nawa na ga Baffa ya je gidan mutane da yunwa ya ce alhamdulillahi a ƙoshe yake, sai mai gida ya rantse kafin ya wanke hannu? Da hannuna na rubuta masa tayi, ya kuwa yi abin da aka koya masa tun yana bin maruƙa.

"An gama ke nan," in ji Lukman yana share hawaye. "Oga madam, Turanci ya ci."

"Ba a gama ba. Ka ce mutum ɗaya, ba ka ce gwaji ɗaya ba."

Ya yarda a ƙara gwadawa sau ɗaya tak. Na ce to mu sa akwatin ya sake tambaya in an ce a'a. Nan ya daina dariya. Ya ce shi ba zai fitar da abin da ke nacewa mutum bayan ya ƙi ba, wannan halin 'yan damfara ne. Na so in musa, amma gaskiyarsa ce, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na ɗauki laftof ɗina na shiga cikin gida. Inna Maiturare tana tsince shinkafa a tire, na zauna kusa da ita ina rubutawa ina gogewa. "Dole a saka haruffan nan": wannan umarni ne, Baffa zai rufe injin ya ce a zo a kwashe. "Don Allah a karɓa": magiya ce, kuma har yanzu tayi ne. Ina cikin haka wani ya yi sallama a waje, na ji muryar Baffa tun kafin mutumin ya rufe baki: "Wa alaikumussalam, bismilla, shigo." Mai gyaran famfo ne ma, ba wani babban baƙo ba.

Na tsaya da yatsa a kan maɓalli. Baffa yana ƙin abin da aka miƙa masa, amma ban taɓa ganin ya bar wani tsaye a ƙofa ba. Kuma in an bi gaskiya, kwamfutar ba kyauta take ba shi ba. Injinsa ne, izininsa ake nema a saka abu a ciki. Tun farko ni ce na juya maganar.

Na rubuta, na ƙirga, bai kai sittin ba. Lukman ya karɓa ya haɗa, ya tura wa injin Baffa, na koma na zauna a kan hannuwana.

Baffa ya sake karanta bayanin daga farko, bai tsallake ko kalma ba. Akwatin ya fito: "Haruffan sun iso, suna neman izinin shiga." A ƙasa: "Su shigo" da "Su dakata".

"A'a, subhanallahi, tun ɗazu suna tsaye?" Ya danna "Su shigo" da sauri.

Sauran layukan suka wuce lami lafiya. Na ƙarshen ya gaya masa inda zai sami sunan haruffan, ya lalubo da kansa, ya buɗe jadawalin wata mai kamawa ya zaɓe su. Lokutan nan suka miƙe, Asuba ƙarƙashin Asuba, Isha ƙarƙashin Isha, tun daga ɗaya ga wata har talatin. Ya ɗora yatsa a kan allon ya ja shi daga sama zuwa ƙasa, sau biyu. Daɗi ya kama ni har na ji idona ya yi zafi.

Lukman ya ɗaga hannu biyu sama. "Shi ke nan, no wahala. Litinin, da Hausa."

Baffa bai dube ni ba, taku biyu ne kuwa tsakaninmu, kuma ya san sarai ni ce na rubuta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya juya wajen Lukman.

"Ɗana, in ka koma ofis, ka gaya wa wadda ta rubuta wannan ta iya magana da mutane."

"Zan gaya mata, Baba."

Na sunkuyar da kai na tattara kofunan fura na kai cikin gida.