Katakon Tagar Rabi'a

Ƙusa ta farko ta fito da ƙara, ta biyu kuwa ta ce allambaram. Mastura ta sa bakin guduma ta danna, gumi na tsiyayo mata ta ƙarƙashin ɗankwali.

"Ummi, haram, Ammu Zaharadden zai yi fushi," in ji 'yarta Shahad, da Hausarta mai ɗingishi irin ta haifaffun Jidda.

"Ya yi mana! Yalla, riƙe min nan."

Rabi'a, maƙwabciyarsu, tana kwance kan katifa tana kallonsu, ta rame ta zama abin tausayi. Aikin Umara ne ya kawo su ita da mijinta tun Shahad na goye, suka maƙale a unguwar Hindawiyya babu iƙama, wato takardar izinin zama. Ranar da aka yi kame a layin, mijin nata, Malam Zaharadden, ya sayo katako ya rufe tagar ɗakin ruf, wai kada shurɗa, 'yan sandan ƙasar, su hango ta. Shi kullum yana fita nema, domin namiji ne, ya iya gudu. Ita kuwa aka ce ta zauna sai ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, ta sake tashi, ta sake lafawa, katako na nan daram. Ba mugu ba ne, wallahi, duk Juma'a sai ya riƙo mata gasasshiyar kaza. Tsoronsa ne ya ɗauka ya ɗora mata.

Tun da ciwo ya kwantar da ita, roƙonta ɗaya ne: a buɗe tagar. A da tana yawan zancen wata darbejiya da take hangowa ta nan. Malam kuwa amsarsa ba ta canzawa, kullum sai gobe: "Bukra, in sha Allah." Mastura ta san dalili, duk gidan ma an sani. An daɗe da sare bishiyar, an dasa bene a wurin. An rasa mai ƙarfin halin gaya mata.

Jiya Shahad ke cewa a jami'a suna karanta wani tsohon labarin Amurka, kuma malamarsu ta ce taga a labarin mace ba taga kawai ba ce, alama ce. Mastura ta yi tsaki. "Alama tana kawo iska? Ku dai 'yan boko ba ku rasa abin faɗa." Amma yau da hantsi da ta leƙo da kunu, ta ji yadda numfashin Rabi'a ya koma, sai ta gane. Wannan ba za ta kai bukra ba.

Katakon ya ɓalle. Ƙura ta zubo, tare da busasshen gidan gizo-gizo. Mastura ta zuge gilashin da ƙyar. Bango ne, fari fat, kusa-kusa kamar zai shigo ɗakin. Haske ɗan siriri ya sauko ta sama.

Hawaye ya cika idon Mastura. "Yaya Rabi, ki yafe mana. Darbejiyar nan..."

"Ummu Shahad, ni kurma ce?" Muryar ta fito can ƙasa. "Ina nan kwance na ji faɗuwarta. Na ji ginin ma, tubali bayan tubali."

"To me ya sa...?"

"So nake ko sau ɗaya in ce a buɗe, a buɗe. Ku tashe ni."

Suka tallabo ta, ba ta da nauyin kirki. Ta zura hannu waje a hankali har tafinta ya kwanta jikin bangon. Ta daɗe a haka, idonta a lumshe.

"Da ɗumi," ta ce. "Ashe rana na zuwa nan."

Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Malam Zaharadden ya dawo da ledar magani, ya dubi matarsa, ya dubi tagar, ya durƙusa yana salati. Bai tambayi wanda ya buɗe ba.

Mastura ce ta yi mata wanka. Da ta ɗago hannun dama, sai ta ga farar ƙurar bangon nan maƙale a yatsun, har cikin zanen tafi. Ta tsaya riƙe da hannun, butar na karkace a ɗaya hannunta, ruwa yana ɗiga ƙasa.